Wutar da Laure Ta Bari

Ku gyara zama ku ji labarin mutumin da ya keta ƙasa guda da ƙafarsa, da kasuwarta da koginta da dakarunta, duk tsakanin ƙararrawar tashi tara da ta komawa aji.

A makarantar sakandaren Rafin Ɗinya akwai wani tsohon madubin ƙara girman abu, wanda 'yan boko ke kira maikiroskof. Na tagulla ne, mai nauyin tsiya, kuma babu wanda ya san wanda ya kawo shi. Tsofaffin malamai sukan ce kada mutum ya leƙa shi yana shi kaɗai a ɗaki, amma in ka tambaye su dalili sai su kama wata hirar.

Mai kula da shi shi ne Malam Isiyaku, malamin Bayoloji. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a musu, amma Allah bai hore masa baki ba. Yana da wani littafi mai baƙin bango wanda ya rubuta darussansa a ciki tun yana saurayi, shekara goma sha tara ke nan, kuma daga cikinsa yake karanta wa ɗalibai suna kwafa. Ranar da iska ta juya masa shafi, to darasi ya tsaya sai an nemo inda aka kwana.

'Yarsa ɗaya tak a duniya, Suwaiba, 'yar shekara goma sha biyar, tana aji huɗu, a gabansa take zama. Da yake ita ce 'yar fari, Malam bai taɓa kama sunanta ba, saboda kunyar nan da muka gada. A gida "ke" yake ce mata. A aji kuwa ya samu mafita, sai ya ce "lamba sha bakwai". Su kuma 'yan makaranta "'Yar Malam" suke kiranta. Mahaifiyarta Laure ce kaɗai ba ruwanta da wannan kunya. Daga madafi za ka ji ta ɗaga murya har maƙwabta: "Suwaiba! Zo ki ci tun da zafi!" In mata suka ce, "Kai Laure, 'yar farin taki?" sai ta yi dariya ta ce, "Ni na sha wuyar haihuwarta, a bar ni in more sunan."

To, Laure ta yi jinyar kwana shida Allah Ya karɓi abinsa. Malam ya tattara zannuwanta ya rufe a akwati, bai ƙara ambatonta a gidan ba, a ganinsa tausayin yarinyar yake yi. Allah sarki, ashe ba haka ba ne. Suwaiba ta daina cin abinci. Ba gardama take yi ba, za ta karɓi kwano ta ce, "Na gode Baba," ta juya cokali sau biyu ta rufe. Wata huɗu ana haka, wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. An je asibiti, likita ya ce bai ga komai ba sai ƙarancin jini, amma ya ja Malam gefe ya ce in ba ta fara ci ba, shi fa ba ya son abin da yake hangowa. Tsoro ya cika zuciyar Malam, tsoron ya rasa ta kamar yadda ya rasa uwarta, amma ko kalma ɗaya ya kasa haɗawa ya faɗa mata.

Ranar wata Laraba darasi ya zo kan ƙwayar halittar dabba. Malam ya raba wa ɗalibai tsinken sakace, kowa ya kankari cikin kumatunsa a hankali, ya shafa a ɓallin gilashi, aka ɗiga shuɗin ruwa, kowa ya rubuta lambarsa. Kafin a fara dubawa aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka watse wajen masu ƙosai. Malam ya hango Suwaiba ta taga ta zauna gindin katanga ita kaɗai. Ya ɗauki gilashi mai lamba sha bakwai, ya ɗora a kan tsohon madubin nan, ya manta da gargaɗin tsofaffi, ya kafa ido.

Sai ya ga abin da ke ciki ya ɗago kai ya dube shi.

Kafin ya ce a'uzubillahi ƙasa ta zame masa, ya rufta ta cikin bututun tagulla, yana ta faɗuwa littafinsa a hammata, har ya faɗa tsulum cikin wani tafki shuɗi. Ya yi ta fafutuka ya fito gaɓa, sai ga shi kewaye da wasu halittu masu faɗi kamar faifai, jikinsu garau ana hango cikinsa, kowanne da dunƙulen abu shuɗi a tsakiya. Wata tsohuwa daga cikinsu ta matso ta ce, "Ya kai bil'adama, wane ne kai, kuma me ya kawo ka bakin iyakarmu?"

Malam ya buɗe littafi, don shi abin da ya iya ke nan. Ya karanta, "Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai wanda..."

Wurin ya ɗauki dariya, har tafkin ya motsa. Tsohuwar ta ce, "Ashe kai ne! Shekara goma sha tara kana ba da labarinmu, ba ka taɓa yi mana sallama ba. Ni ce Magajiyar Kumatu. Mu ne masu shimfiɗa a bakin ƙasar nan, kafaɗa da kafaɗa, kada wani abu ya shige ta ba izini. Na sake tambayarka, mene ne kai a wurin mai wannan ƙasa?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, malaminta ne."

Ta ce, "Malamai ba su da ƙofa a nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne mahaifinta."

Magajiya ta buɗe dunƙulen da ke tsakiyarta, ta zaro wasu dogayen takardu a nannaɗe ta duba. Ta ce, "Gaskiya ka faɗa. Rabin abin da aka rubuta a nan daga gidanku ya fito, ɗaya rabin daga gidan uwarta. To saurara, ya kai bil'adama. A ƙasar nan ƙwaya ɗaya gida ce. Gidaje masu sana'a ɗaya su haɗu su yi unguwa, unguwanni su yi gari, garuruwa su ɗaura alkawarin aiki tare, duka kuma su taru su zama ita. Yau ƙasar tana mutuwa. Kasuwa a rufe take, murahu suna mutuwa gida gida. In kana son sanin dalili zan buɗe maka hanya, bisa sharaɗi biyu. Duk ƙofar da ka isa za ka bar babi ɗaya na littafin nan. Kuma in ƙararrawarku ta kaɗa ba ka gano maganin ba, ba za a sake buɗe maka ba har abada."

Malam ya dubi littafinsa, ya tuna wuyan hannun nan kamar kara. Ya kama babin farko ya yage, ƙiii, ya miƙa mata. Wallahi da a makaranta wani ya yi masa haka da an ji su har ofishin shugaba.

Aka tura wata ƙofa mai taushi kamar tantanin ƙwai, ya shige. Hanyar ta gangara cikin wani rami mai santsi, bangonsa na matsewa yana sakewa yana tura shi gaba ko yana so ko ba ya so, har ta tofar da shi a bakin wata ƙatuwar kasuwa. Bai taɓa ganin kasuwa mai girmanta ba, kuma bai taɓa ganin wadda ta kai ta shiru ba. Ga masu daka sun jingine taɓare sun yi tagumi. Ga masu tace-tace zaune kan rariyarsu. A tsakiya akwai wani tafki mai tafasa, tururinsa kaɗai ya ƙone masa gefen riga.

Wani ƙaton mutum mai damatsa ya tare shi ya ce, "Ya kai bil'adama, ni ne Sarkin Kasuwar Ciki. Ka zo mana da kaya ne?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum sai na ajiye mata kwano. Jiya ma har da nama."

Sarkin Kasuwa ya ce, "Kwano a waje yake, mu a ciki muke. Ba ma buɗe rumfa sai saƙo ya sauko daga sama cewa a yi shiri, kaya na tafe. Wata huɗu ke nan ba mu ga ɗan aike ba. Tafkin can da kake gani don narkar da kaya aka yi shi, da ya rasa abin narkarwa ya fara cin bangon kasuwar. Yi maza ka wuce, ga shi nan yana tasowa."

Ai kuwa tafkin ya yunƙuro. Malam ya yage babin narkar da abinci ya jefa wa Sarki, ya tattare babbar riga ya zura da gudu, mutumin da rabonsa da gudu tun yana firamare. Ya bi wani dogon lungu mai lanƙwasa wanda ba ya ƙarewa. Hagu da dama dubban 'yan yatsu ne a miƙe daga bango, suna jiran a ɗora musu abin da za su miƙa wa kogi. Yana wucewa suna taɓa shi a hankali, in suka ji ba abinci ba ne su janye. Wannan ya fi tafkin ƙona masa rai, ya wuce yana share ido da hannun riga.

Lungun ya fitar da shi bakin wani jan kogi mai gudu. Jiragen ruwa ne birjik, jajaye, zagayayyu masu lotsawa a tsakiya kamar waina, kowanne ɗauke da salkar iska zai kai wa gidaje. Sai dai da yawansu sun koɗe, suna tafiya suna tangaɗi. Ya yi bismillah ya faɗa ɗaya. Matuƙin ya ce, "Riƙe da kyau baƙo, ƙarfinmu ya ragu. Ƙarfen da ake gina mu da shi daga kasuwa yake zuwa."

Ba su yi nisa ba wasu fararen dakaru suka ɓullo daga ruwa suka kewaye jirgin, jikinsu na miƙewa yana lanƙwashewa, kowanne ya isa ya haɗiye Malam ɗungurungum. Babbansu ya daka tsawa: "Tsaya nan! Ni ne Barden Kogi. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne, abincinmu ne!"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, uban mai ƙasar ne."

Barde ya ce, "Haka kowace cuta take faɗa. Miƙo hannu." Ya shinshina tafin hannun Malam, ya juya ya shinshina bayan. Sai ya ce wa dakarunsa, "Rabin tambarinmu na jikinsa. Hannun nan kuma mun san shi. Shi ne wanda yake taɓa goshinta in zazzaɓi ya sa ta barci, ya janye da sauri kafin ta farka." Malam ya ji kunya kamar ya nutse a kogin, don bai zaci wani mahaluki ya san wannan ba. Barde ya karɓi babin jini, ya sa aka raka jirgin.

Tun daga nesa ya fara jin kiɗa, dum-dum, dum-dum, har kogin na rawa da shi. Suka iso wani gari mai zaure huɗu, ƙofofinsa na buɗewa suna rufewa, ruwa na shiga ta nan yana fita ta can. Jirgi ya yi sama ya yi ƙasa, Malam ya daka tsalle ya kama bango. Bangon kuwa ashe mutane ne, dubu bisa dubu, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, su ja tare su saki tare. Ɗayansu ya ce masa ba tare da ya tsaya ba, "Gafara dai baƙo, ba ma tashi gaisuwa. Tun tana cikin uwarta muka fara, ba mu taɓa hutawa ba, kuma in ɗaya ya saki hannu duka mun ɓaci. Amma mun gaji, wutarmu ta yi ƙasa. Shiga ciki ka gani."

Malam ya bar musu babin zuciya, ya kutsa cikin gida ɗaya. A ciki ya ga murahu jere, sun fi a ƙirga, don babu garin da ya kai wannan yawan murhu. Mafi yawansu toka ce kawai da ɗan ja-ja a ƙasa. A gaban ɗaya wata mace ta durƙusa ta ba shi baya, tana fifita garwashi da hannun hagu, tana yi tana karkatar da kai gefe saboda hayaƙi. Mutum ɗaya Malam ya sani a duniya mai fifita wuta haka.

Ya ce, "Laure?" Rabon da sunan ya fito daga bakinsa tun ranar da aka kai ta.

Matar ta juyo. Fuskarta ba ta kowa ba ce, haske ne kawai irin na garwashi. Ta ce, "Ya kai bil'adama, ni ba Laure ba ce. Laure ta koma ga Ubangijinta, ka yi mata addu'a. Ni Uwar Murhu ce, mai tsaron abin da ta bari. Ka san yadda matanku ke yi in za su hura wuta, a aika gidan uwa a ɗebo garwashi a tsingaro?"

Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Ranar da Laure ta fara girki a gidana, daga murhun innarta aka ɗebo mata."

Ta ce, "To haka ƙasar nan take. Takardun da ke tsakar kowane gida, rabi naka ne rabi nata. Amma murhu, ba ka kawo ko ɗaya ba. Duk murhun da ke ƙasar nan, daga ƙafa har ka, daga garwashin Laure aka kunna shi, ita ma daga na innarta, ita ma daga na tata innar. Da shi ake dafa ƙarfin da yarinyar take numfashi da shi. Kana da wannan a littafinka?"

Malam ya ce, "Na rubuta shi, layi ɗaya ne. Ban taɓa karanta musu ba, don ba ya fitowa a jarrabawa."

Uwar Murhu ta girgiza kai ta ce, "Yarinya tana can tana zaton babu abin da ya rage na uwarta sai akwatin da ka kulle. Tana ƙin ci, ba ta san wutar uwarta take hana itace ba. Kai kuma ka sani, ka rufe a baƙin littafi."

Nan fa Malam Isiyaku ya zauna a ƙasa cikin toka ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Uwar Murhu ba ta hana shi ba. Da ya lafa ta ce, "Tashi, lokacinka ya kusa. Sanin wannan ba zai buɗe kasuwa ba sai ta ji shi, kuma ba ta jin kowa yanzu. Hau sama ka tambayi mai tsaron kunne." Ya taɓa bakin murhun da yatsunsa, ya ji ɗan ɗumin da ya rage, sannan ya fita.

A bayan garin ya tarar da 'yan aike, wasu dogayen halittu sirara, kan wannan na taɓa ƙafar wancan, sun yi igiya har inda ido ba ya kaiwa. Suka karɓi babin jijiyoyi, wanda shi ne na ƙarshe, littafi ya koma bango zalla. Na farko ya cafe shi ya cilla wa na biyu, na biyu ya cilla wa na uku, walƙiya na tashi ta ko'ina, hularsa ta tafi, kafin ya ƙifta ido ga shi a wani zaure mai murɗewa kamar katantanwa. A bakin zauren wani ɗan aike ne zaune, ya ɗaure ɗamara, ƙafa ɗaya a gaba kamar mai jiran a ce ya tashi.

Malam ya yi sallama ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana a aika wa kasuwa saƙo?"

Ɗan aiken ya ce, "Ya kai bil'adama, ni ne mai kai wannan saƙo, kuma kwana ɗari da ashirin da uku ke nan ina zaune a haka. Sauti yana shigowa kullum. 'Ke.' ''Yar Malam.' 'Lamba sha bakwai.' Abokan aikina suna kai su sama, a karɓa a ajiye. Ni kuwa da kira ɗaya aka saba tashina tun tana rarrafe, kuma mai yin sa ta yi shiru. Tun ranar babu wanda ya kira mai ƙasar nan da sunanta."

Malam ya ce, "'Yar fari ce. Ba a yi. Mahaifina bai taɓa kama sunan yayana ba har ya bar duniya, kuma babu wanda ya kai shi son sa."

Ɗan aiken ya ce, "Yayanka yana da kaka da gwaggo masu kiransa. Ita wa take da shi? Ba mu ce kunyarku aibi ba ce, ya kai bil'adama. Amma a gidanka mutum biyu ne suka raba aiki, ɗaya ta riƙe sunan ɗaya ya riƙe kunyar. Mai sunan ta tafi, kai kuma kana nan riƙe da naka kason."

Malam ya cika ƙirjinsa da iska zai ƙwala kira, ɗan aiken ya ɗaga hannu ya ce, "Ba a nan ba. Daga ciki ba a jin sa. Sai daga waje, da bakinka, a gaban duk wanda ke wurin."

Sai ƙararrawa ta kaɗa.

Malam ya ɗago kai daga madubin. Ga ɗakin gwaji, ga kujeru, ga hayaniyar yara suna dawowa. Babu hula a kansa, gefen rigarsa a ƙone, yatsunsa uku baƙi ƙirin da toka. Ya buɗe littafi ya ga babu ko shafi ɗaya.

Ɗalibai suka zauna suka buɗe littattafan rubutu suna jiran ya ce "ku rubuta". Ya ce, "Ku rufe." Aka dubi juna. Wani mai surutu a baya, Ɗanlami, ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ina hular?"

Ya ce, "Tana wurin da ta fi amfani." Ya ɗauki alli ya zana gida zagayayye da katanga mai ƙofa, ya ce wannan ƙwaya ɗaya ce. Ya jera gidaje ya ce ga unguwa, su ne naman da ke aiki iri ɗaya. Ya haɗa unguwanni ya ce ga gari, kamar zuciya ko ciki. Ya ja hanyoyi tsakanin garuruwa, ya ba su labarin kasuwar da in ta rufe jiragen kogi su koɗe, in jirage suka koɗe masu kiɗan zuciya su gaji. Ajin da aka saba yin hamma ya yi tsit, har Ɗanlami ya saki baki. Suwaiba kaɗai ce kanta ke kan tebur.

Malam ya koma kan gidan farko ya zana ƙananan murahu a ciki. Ya ce, "Waɗannan sunansu mitokondiriya. A nan ake ƙona abincin da kuka ci ya zama ƙarfi. Akwai abu ɗaya game da su da ban taɓa faɗa wa wani aji ba." Ya tsaya. Allin ya karye a hannunsa. Zuciyarsa na bugawa yana jin ta har a kunne, kuma yanzu ya san masu buga ta.

Ya ce, "Suwaiba."

Wallahi da allura ta faɗi a ajin nan da an ji. 'Yan mata suka dafe baki. Suwaiba ta ɗago kai a hankali tana waige-waige, ba ta yarda daga gaban allo kiran ya fito ba.

Ya sake cewa, "Suwaiba, da ke nake. Murahun nan uba ba ya ba da su, daga uwa kaɗai ake gadonsu. Duk wanda ke jikinki na Laure ne. Daga wutarta aka ɗebo miki, kamar yadda aka ɗebo mata daga ta innarta. Ɗumin da ke tafin hannunki yanzu, wutar mahaifiyarki ce take ci. Ban kulle ta a akwati ba, ba zan iya ba ma. Amma wuta sai da itace, 'yata, kuma ina tsoron ta mutu."

Suwaiba ta dubi tafin hannunta. Ta ɗaga shi ta ɗora a kumatunta, ta riƙe shi a nan, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Da gaske, Baba?" A aji ba ta taɓa ce masa Baba ba.

Ya ce, "Da gaske. Yana cikin littattafai, kuma na gani."

Ɗanlami ya ɗaga hannu a hankali, muryarsa ta canza, ya ce, "Malam, har ni? Tawa ta rasu ina goye." Malam ya ce, "Har kai, Ɗanlami." Yaron ya sa hannayensa biyu a hammata, ya bar su a nan har aka tashi.

Da aka tashi Malam bai bi ta ofis ba. Ya tsaya wurin mai ƙosai ya sa aka soya sabo, ya karɓi koko a kofi, ya dawo ya tarar da ita zaune a ajin ita kaɗai. Ya ajiye a kan tebur. Ya gyara murya, ya ji nauyin abin kamar karon farko, amma ya ɗaga ta yadda Laure take ɗagawa, har masu shara a waje suka juyo.

"Suwaiba! Zo ki ci tun da zafi!"

Ta yi dariya tana kuka ta ce, "Baba, ba haka take ja ba, ka cika gaggawa." Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali ta haɗiye. Malam ya tsaya yana kallon maƙogwaronta, yana ganin ɗan aiken nan a guje, masu daka suna ɗaukar taɓare, 'yan yatsun nan sun samu abin karɓa. Ta ci na biyu. A na uku ta raba shi ta miƙo masa rabi, ta ga tokar da ke yatsunsa ta ce, "Baba, me ka taɓa haka?"

Ya ce, "Murhun innarki. Ci, zan ba ki labari a hanya."

Nan na sauke nawa. Tsohon madubin yana can a kabad, wanda ya ga zai iya ya je ya leƙa.